Minti Ashirin da Biyu na Bulus

Tun da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fadarmu ta ƙofar shagon aya, sai wani ya ce, "Mai Agogo, yaya ka baro Kanon?" In na ce lafiya lau, a ce ba haka ake ba da labari ba. Ban ga laifinku ba. Mutum ya ɗauki jaka a tsakiyar damina ba sallama, ya dawo da takalmin roba wanda ba nasa ba, agogon da yake yi muku taƙama da shi kuma babu, ai dole a tambaye shi. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Sai na ɗan koma baya, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kai ni ba. Ni haifaffen Ɗorayi ne. Kafin in zo Maraɗi in zama mai sikelin aya, na yi shekara goma sha shida a wata masaƙa a Bompai, can Kano, kuma ban taɓa saƙa ko taƙi ɗaya ba. Aikina awon lokaci. An tura ni kwas na wata uku, aka koya mini ilimin wasu Turawan da can. Ɗaya ya ce kowane aiki, ko ɗaga shebur ne, yana da hanya guda wadda ta fi kowace: a tsinka aikin gunduwa-gunduwa, a auna kowane motsi da agogo, a zubar da na banza, a koya wa ma'aikaci sauran. Ɗaya ya ce kowane ma'aikaci shugaba ɗaya gare shi, umarni kuma daga sama yake saukowa mataki-mataki. Na ukunsu ya ce a rubuta komai, kuma doka ba ta san aboki ba. Na dawo da agogon awo, irin wanda ake danna kansa ya tashi, a sake dannawa ya tsaya, ina ji kamar an ba ni makullin duniya.

Kada ku ɗauka ba'a nake yi wa ilimin. Ya yi aiki. Ni na sa aka ɗaga teburin matan da ke naɗa zare suka daina ciwon baya. Ni na matso da kwandon kwarkwaron zare kusa da injina, masu saƙa suka huta da zirga-zirgar da ba ta da dalili. Har yau in na tuna waɗannan ina jin daɗi.

A ɗakin saƙa ba a jin magana saboda ƙara, sai dai a yi da hannu da leɓe. Kowane mai saƙa injina huɗu ne a hannunsa. In zare ya tsinke inji ya tsaya, sai ya zo ya ƙulla ya tayar, kuma a jikin kowane inji akwai mita mai ƙirga yadin da ya fita da sunan mai shi. Hutun cin abinci ƙarfe goma sha biyu ne, an tsara shi ba a tambayi kowa yaushe ake azahar ba. Doka kuma ta ce ba mai barin injinsa sai jiniya ta yi kuka. Sai masu saƙa suka ƙirƙiro abin da suke kira riƙo. In lokacin salla ya yi, Musulmi ya kalli maƙwabcinsa Kirista ya ɗaga hannu biyu saitin kunne kamar mai kabbara. Shi kuma ya dunƙule hannu ya bugi ƙirjinsa sau biyu, wato tafi, na riƙe maka. Ran Lahadi da safe a juya, Musulmi su riƙe, Kiristoci su leƙa coci su dawo. Foman, mai kula da ɗakin, ya sani yana kau da kai, ni ma na sani, ofis ne kawai ba su sani ba.

Bulus mutumin Zonkwa ne, dogo, ba ya gaggawa, kuma abokina ne na kwano ɗaya. Matarsa Rifkatu tana aiko masa da faten acca mai gauta da yakuwa, ni nake cinye rabi. Ran Kirsimeti a gidansu na unguwar Birget nake wuni, ita da kanta take aika kaji wajen mahauci Musulmi ya yanka saboda ni. Ran Layya kuwa cinyar ragona ta gidansu ce. A layinsu shi kaɗai ne Kirista, injinansa suna tsakanin na Isyaku da na Malam Ado, don haka kullum mutum biyu yake riƙe wa. Halinsa kuma shi ne ya fara ƙulla zaren wanda ya ba shi amana kafin ya koma kan nasa.

Da atamfar waje ta cika kasuwa, wuta ta yi ƙaranci, aka ce za a rage ma'aikata, kuma da awo za a rage don kada a ce an yi son kai. Manaja ya raba mini sa'o'i. Awon Isyaku da Ado ya faɗo da safe. Na Bulus ya faɗo daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. Yana ganina tsaye da agogo a hannu Isyaku da Ado suka ɗaga hannu, kuma bai ko yi jinkiri ba ya bugi ƙirji. Minti ashirin da biyu yana kan injinan mutane, nasa biyu a tsaye. Fom ɗina gida uku gare shi: yana aiki, inji ya lalace, ya bar wurin aikinsa. Na sa alama a na uku. A ƙasa akwai fili na ƙarin bayani. In na rubuta gaskiyar abin, Isyaku da Ado za su tafi, foman zai tafi, riƙo ya mutu a duk masaƙar, sannan a tambaye ni me ya sa na sani shekara da shekaru ban faɗa ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi ba ni tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na bar filin ba komai.

Ranar da aka liƙa sunayen waɗanda aka sallama a bakin get, har da na Bulus, ta ƙofar baya na fita. Ban je gidansa ba a makon, kunya ta hana. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara. Bayan shekara huɗu masaƙar ta rufe gaba ɗaya, mai sauri da mai nawa duk aka watse. Kwafin takardar nan kuwa na taho da shi har Maraɗi, yana ƙasan akwatina.

A watan jiya Isyaku ya kira ni daga ƙauyensu. Ya tsufa, muryarsa tana rawa. Ya ce, "Mai Agogo, na ji an ce Bulus zai koma Zonkwa ƙarshen watan nan, kuma ba tafiyar dawowa ba ce, jiki ya ƙi. Ni ido ya hana ni fita. In kana da abin faɗa masa, yanzu ne." Na tambayi inda yake zaune, ya ce bai sani ba, sai dai 'yarsa Saratu tana aiki a wani kamfanin buhu, a Sharaɗa ne ko Challawa. Saura kwana shida wata ya ƙare. Washegari na sa takardar da agogon da ƙullin kilishi a jaka na nufi tasha.

Motar zuwa Ɗan Isa, garin kan iyaka, sai da ta yi awa biyu da minti arba'in kafin ta cika, na auna. Sau uku direba yana sauke kaya yana sake ɗaurawa, don kullum buhun da za a fara saukewa shi yake sakawa a ƙasa. Na ce masa, "Da ka jera su yadda masu su za su sauka, da tuni mun wuce." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tsoho, hala daga Najeriya kake?" Shekara ashirin da wani abu ina shan ruwan garin nan, ga abin da aka saka mini da shi.

A kan iyaka wani jami'i ya buɗe jakata. Kilishi bai dame shi ba, agogon ne ya tsaya masa. Ya juya shi, ya kara a kunne, ya ce, "Baba, wannan ai ba ya nuna ƙarfe nawa."

Na ce, "Ba aikinsa ba ke nan. Yana nuna tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana abu."

"Kamar me?"

"Kamar duba jakar tsoho."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in auna shi. Ya mayar da kayana, ya ja zif, ya buga hatimi, na danna. Sakan arba'in da ɗaya. Ya kira abokin aikinsa ya ce shi ma a auna shi. Da ƙyar na karɓi abina, mutanen da ke layi a bayana suna yi mini addu'a don ba su taɓa ganin an yi sauri haka ba.

Daga Jibiya zuwa Katsina hira ta mutu a mota, kowa da carbinsa, kun san halin hanyar. Sai da muka ga gari aka fara tari ana gyara zama. A Katsina na sauya mota, aka ba ni gaba saboda furfura. Muna wuce Kankiya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sai ga shi abin share gilashi ba ya aiki. Direba bai damu ba, ya fita ya ɗaura masa igiya biyu, ya zaro ɗaya ta tagarsa ya miƙo mini ɗaya ta tawa. Ya ja, in ja. Da farko muna cin karo, shi ya ja ni ma in ja, har na ce masa ya tsaya, kowa ya ƙirga biyu kafin nasa. Nan take abu ya daidaita. Hannun rigata ya jiƙe har kafaɗa, amma daga nan zuwa Bichi ban taɓa jin ilimina ya yi amfani irin na ranar ba.

Rabona da Kano shekara tara, tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma ko a da in na je Ɗorayi kawai nake tsayawa in juyo. Garin ya hau sama, gada kan gada, mai adaidaita sahu ya bi da ni ta inda ban gane gabas ba. Ku a nan in azahar ta yi sai ku rufe shaguna, gari ya kwanta har la'asar. Can ba mai kwanciya. A nan gaisuwa ɗaya sai ta ci minti biyar, a tambayi gida da gajiya da ruwa da dabbobi. Can mutum yana gaishe ka waya na kunnensa, kafin ka ce lafiya lau ya sha kwana. Abin da na yi shekaru ina wa'azinsa ke nan, amma da na gan shi a titi sai na ji bai yi mini daɗi ba.

Na sauka a gidan ƙanwata Hajiya Binta, tsohuwar malamar makaranta ce, bakinta bai yi ritaya ba. Ta yi mini tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zauna tana kallona ina ci.

"Yaya, har yanzu kana yawo da agogon nan? Ka tuna ranar da ka tsaya a kan Inna tana tuƙa tuwo, ka ce tana ɓata motsi bakwai?"

Na tuna. Muciyar ma na tuna, don a gadon bayana ta sauka. Da na gaya mata abin da ya kawo ni, na nuna mata takardar, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Shekara kusan talatin, kuma da takarda za ka je wa mutum? Ka je da bakinka." Na ce na tsara abin da zan faɗa, minti huɗu ne cif. Ta ce Allah ya shirye ni, ta kwashe kwanuka.

Da safe, maimakon in nufi neman Saratu, sai na ce wa mai adaidaita Bompai. Na gaya wa kaina hanya ce, alhali ko kusa ba hanya ba ce. Tireloli sun cika titi, rumbunan ajiya sun maye wuraren da na sani. Masaƙarmu tana nan, an yi mata sabon fenti, yanzu shinkafa ake ajiyewa a ciki. Mai gadi dattijo ne, da na ce a nan na yi aiki ya ce, "Kuna zuwa jefi-jefi, ku tsofaffin nan. Shiga ka gani, amma kada ka daɗe."

Ban taɓa jin ɗakin saƙa shiru ba sai ranar. Tattabaru ne kawai a saman rufi. A ƙasa ga ramukan ƙusoshin injina a jere, ga layin rawayan fenti da ni da kaina na sa aka ja don masu tura amalanke, ya koɗe amma yana nan. Na bi shi ina ƙirga taku har layi na shida, inda injinan Bulus suke. Buhuna ne a wurin har sama. Na tsaya ina tuna yadda jiniyar tashi take kuka, kekuna su ɓarke daga get kamar an buɗe dam, masu ɗanwake da gurasa a gindin darbejiya suna kiran kowa da sunansa, auduga a gashin kowa har ba ka bambance yaro da tsoho. Mutanen Zonkwa da na Pankshin da na cikin Badala duk kwano ɗaya. Na yi kewar wurin nan ƙwarai, har da ƙarar da nake zagi kullum. Sai da mai gadi ya yi gyaran murya na fito.

A Sharaɗa na sha wuya. Kamfanin buhu ba ɗaya ba ne, kuma yanzu ba a shiga sai mutum ya ɗora babban yatsa a kan wata na'ura ta gane shi. Mu a zamaninmu kati ake bugawa, kuma akwai akawu mai ido. Get uku na tsaya, kowanne a ce ba su san wata Saratu ba. Wata mai sayar da shinkafa da wake ce ta cece ni. Ta ce, "Madam Saratu doguwa, mai tabo a goshi? Ai ta bar nan tuni, tana Challawa." Tabon na san shi, a gabana ta faɗo daga keken babanta tana 'yar shekara shida.

Challawa tun kafin ka isa hancinka zai gaya maka, warin majema yana tare mutum a hanya. Ruwa ya kwanta a titi, mai adaidaita ya ce iyakarsa nan. Na tattare riga na shiga, taku na huɗu laka ta riƙe takalmina na dama, na laluba har gwiwar hannu ban same shi ba. Haka na isa get ɗin, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ga asalin takalmin robar da kuke tambaya, mai gadin wurin ne ya ba ni.

Saratu ta fito da abin toshe kunne rataye a wuya. Ita ce mai kula da aikin safe gaba ɗaya. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɗan rusuna.

"Baba Mai Agogo? Ku ne?"

Ba ta yi murmushi ba, amma ba ta ɗaure fuska ba. Ta ce sai ƙarfe biyu za ta tashi, in shigo in jira. Ta bi da ni ta ɗakin saƙarsu. Injinan zagaye suke yi, zaren roba suke saƙawa, amma ƙarar tana shiga ƙirji daidai yadda na sani. Ba mai tsayawa da agogo yanzu. Wani allo ne a ofishinta yake nuna kowane inji, wanda ya tsaya da tsawon tsayuwarsa, har sakan. Aikin da na yi shekara goma sha shida ina yi, akwati ne yake yin sa ba ya ko shan ruwa.

Ta jawo takardar rabon aiki ta ranar ta ajiye a gabana. Sunaye, injina, sa'o'i. A gefen dama akwai wani gida, an rubuta riƙo a samansa, kowane suna da na wanda zai riƙe masa, na azahar daban, na Juma'a daban, na Lahadi daban.

Ta ce, "A makaranta an koya mana mutanenku na agogo, har da waɗanda suka zo bayansu suka ce ma'aikaci ba inji ba ne. Amma wannan gidan ba a littafi na samo shi ba. Wata shida ina fama da masu kamfani kafin su yarda. Sai da na nuna musu a allon nan cewa injina sun fi yawan tsayawa in mutane suna sulalewa a ɓoye."

Na mayar mata da takardar. Na yi azahar a ɗan masallacinsu tare da masu saƙa, ba wanda yake waige-waige.

A Panshekara suke zaune, can ta kai ni bayan ta tashi. Tun daga ƙofa na ga jakunkuna a ɗaure an jera su jikin bango. Bulus yana kan kujera a baranda, ƙafafunsa a kumbure a kan matashi, tsayin nan duk ya tattare. Saratu ta ce mini a hankali, "Sai kun yi haƙuri, kunnen ya tafi gaba ɗaya. Injina sun cinye shi."

Ya ɗago ya gan ni. Ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Mai Agogo! Ka makara."

Na zauna a kan benci na fara jawabina na minti huɗu. Ban kai rabin minti ba na ga idonsa kawai yake bina da shi. Na ɗaga murya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Sai na yi shiru, na ciro takardar na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa a hankali.

"Minti ashirin da biyu. Daidai ne. Isyaku ne, shi ba ya tashi sai ya gama lazimi."

Na ɗora yatsa a kan filin da na bari ba komai. Na dube shi, na yi magana da leɓe kawai, yadda muke yi a ɗakin saƙa: na ji tsoro, ka yafe mini. Wannan ya ji shi sarai.

Ya cire tabarau. "Kana tsammani da na gan ka da agogo na bugi ƙirji, ban san abin da zai biyo baya ba? Na sani. Da ka cike wurin nan, mutum uku za su tafi maimakon ɗaya. Ni takardar nan ba ta taɓa hana ni barci ba." Ya ajiye takardar a cinyarsa. "Kirsimetin shekarar ba ni da aiki. Kaza ɗaya ce a gidan. Rifkatu ta aika da ita wajen mahauci ya yanka, ta yi fate, ta rufe kwanonka ta ajiye. Na ce mata ba zai zo ba. Ta ce zai zo, kunya ce kawai, ai ɗan gida ne. Har yamma kwanon yana nan. Shekara uku tana yin haka. A ta huɗu ta ce a yanka kazar a gida."

Na tambaya da leɓe, tana ina?

"Shekara shida ke nan da rasuwarta. Ita ya kamata ka kawo wa takarda, ba ni ba."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a zaune ba, kuma ban auna ba. Duk hanyar nan laifin da na ɗauko daban, wanda na tarar daban, kuma mai shi ba ta nan. Saratu ta kawo faten acca ta ajiye a tsakaninmu da cokali biyu. Hannun uwarta ne sak. Na ci ina hawaye, ban ɓoye ba, shi kuma ya yi kamar bai gani ba yana tura mini gefen da ya fi gauta.

Sai aka kira la'asar a masallacin unguwa. Shi bai ji ba, amma ya ga na ɗago kai, ya kalli inuwar katanga. Ya miƙo hannu ya karɓi agogon da ke cinyata. Sannan ya dunƙule hannun nan da ya rame, ya bugi ƙirjinsa sau biyu.

Na tafi na yi salla. Na daɗe a zaune bayan an sallame. Da na dawo na tarar ya riƙe agogon a saitin fuska, ina taka baranda ya danna.

"Ashirin da shida. Ka fi Isyaku."

Ya sa Saratu ta kawo biro, ya miƙo mini tare da takardar, ya nuna filin. "Cike." Na ɗora a gwiwa na rubuta: yana riƙe wa Isyaku da Ado injinansu, sun tafi salla. Na sa hannu. Ya karanta sau biyu, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaban rigarsa ya dafe.

"A Zonkwa take, bayan gidanmu. Ni zan kai mata."

Agogon kuwa bai miƙo mini ba, ni ma ban tambaya ba. Kwana biyu bayan nan na biyo motar Katsina, a kan iyaka jami'in nan ya gane ni ya ce in zo in sake auna shi, na ce masa na daina. Don haka ku ma in kuna son sanin minti nawa shayi ya yi a kan wuta, ku tambayi wani.